Rigar Kariyar Gwamna: Wa Zai Tuɓe Ta?

Jawabin da Sakataren Shirye-shirye na jam'iyyarmu ya yi wa wakilan ƙauyuka a Ƙofar Mata, cikin Birnin Kano

Iyayena maza da iyayena mata, malamaina, yayyena da ƙannena, 'yan'uwana talakawa da kuka taso daga Gezawa da Bichi da Rano da Wudil da Gwarzo da Ɗambatta, sannunku da hanya. An gaya mini za a buga wannan magana a takarda a kai ta ƙauyuka, wanda ya iya boko ya karanta wa wanda bai iya ba. Saboda haka zan bi ta dalla-dalla, yadda mai sauraro a gindin bishiya zai gane kamar yana nan tare da mu.

Tambaya ɗaya na zo da ita. Idan aka zargi Gwamna da cin dukiyar jama'a, wa zai tsayar da shi gaban alƙali? Talaka dai kun san nasa. In aka zarge shi da satar akuya ranar kasuwa, kafin la'asar yana hannun 'yan sanda, kafin mako ya zagayo yana Kurmawa yana jiran shari'a. To Gwamna fa?

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A cikin watan Oktoba na 1983... a'a, wannan zan zo kansa. Mu fara da na kusa. A watan Oktoba na 2018 jaridar Daily Nigerian, wadda ɗan jaridar nan Jaafar Jaafar ke bugawa, ta fitar da wasu hotunan bidiyo. Jaridar ta ce Gwamnan Kano na lokacin ne a ciki, watau Dakta Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar bandir-bandir na dalar Amurka daga hannun 'yan kwangila yana zubawa a aljihun babbar riga. Ta ce jimillar kuɗin ta kai dala miliyan 5, kuma ana yankar kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari daga kuɗin kwangila. Gwamnan ya ce ƙarya ne, haɗa hotunan aka yi don a ɓata masa suna.

Ku saurara da kyau, domin ba na son gobe wani ya ce na faɗi abin da ban faɗa ba. Ban zo nan in yanke wa Dakta Ganduje hukunci ba. Ni ba alƙali ba ne. Doka ta ce mutum mai gaskiya ne har sai kotu ta same shi da laifi, addininmu ma ya ɗora wa mai da'awa kawo hujja. Abin da ya dame ni shi ne wannan: ɗaya ya ce an ci, ɗaya ya ce ba a ci ba, dole ɗayansu ne mai gaskiya. Jama'ar Kano kuwa, masu dukiyar, suna da haƙƙin su ji ko wane ne. Ku ji yadda aka yi ta wasa da wannan haƙƙi.

Majalisar Dokokin Jiha ta kafa kwamiti na mutum bakwai a ƙarƙashin Baffa Babba Ɗan'agundi. Ɗan jaridar ya zo gabansu ya ba da shaida a bainar jama'a. Aka gayyaci Gwamna, bai zo ba, ya turo Kwamishinansa na watsa labarai. Kafin kwamitin ya gama, wata ƙungiyar lauyoyi ta kai ƙara, a watan Disamba na 2018 Babbar Kotun Kano ta ce Majalisa ba ta da ikon binciken laifi irin wannan, aikin 'yan sanda ne da EFCC da ICPC. Shi ke nan, kwamiti ya naɗe tabarmarsa. Su kuma waɗanda aka ce aikinsu ne, duk a hannun Gwamnatin Tarayya suke, Gwamnatin Tarayya kuwa jam'iyyarsu ɗaya da Gwamna. A ƙarshen Janairu na 2019, a wancan filin wasa na Sani Abacha da kuke hange, Shugaba Buhari ya zo yaƙin neman zaɓe ya ɗaga hannunsa. A watan Maris aka ce zaɓe bai kammalu ba, aka sake a wasu rumfuna har da na mazaɓar Gama, aka ba shi nasara da ratar ƙuri'a ƙasa da dubu tara.

Gwamna ya kai ɗan jaridar kotu yana neman Naira biliyan 3 na ɓata suna. Jama'a suka ce madalla, yanzu za a baje hujja a faifai. Ina! A 2021 sai ya janye ƙarar, kotu ta ce ya biya Naira 800,000 na wahalar da ya sa su. A shekarar nan ɗan jaridar ya bar ƙasar ya tafi Ingila, ya ce rayuwarsa na cikin haɗari.

Da ya sauka a watan Mayu na 2023, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta ce masana sun auna bidiyon sun tabbatar ba haɗi ba ne, ta gayyace shi. Aka garzaya kotu aka tsayar da ita. A watan Agusta aka naɗa shi shugaban jam'iyyar da ke mulkin ƙasa. A watan Maris na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ce hukumar jiha ba ta da hurumi, laifin na tarayya ne. A watan Afrilu Gwamnatin Kano ta shigar da tuhuma takwas a kansa da matarsa da ɗansa da wasu, a kan dala 413,000 da Naira biliyan 1.38. Ba su bayyana ba, har alƙaliya ta ce za a ci gaba da shari'ar ko ba sa nan. Daga 2018 zuwa ƙarshen 2024, shekara shida cur, ba kotun da ta ce an ci, ba kotun da ta ce ba a ci ba. Yaron da aka sa a aji ɗaya lokacin da bidiyon ya fito ya gama firamare, ana nan ana gardamar wa ke da hurumi.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da dala, mu da ko ganinta ba mu taɓa yi ba? Bari in yi muku lissafi, da yake shi na koyar kafin in ajiye alli. A ce an ba da kwangilar gina aji a ƙauyenku a kan Naira miliyan goma. A ce wani babba, ko wane ne shi, ya yanki kashi 25. Miliyan biyu da rabi ke nan ta tafi tun ba a tona harsashi ba. Kuna tsammani ɗan kwangila zai ciro ta daga aljihunsa? Haba! Daga jikin ginin zai cire. Buhun simintin da ya kamata a buga bulo talatin da shi, sai a buga sittin. Kwano ya sayo mai shara-shara, katako ɗanye. Na koyar a aji irin wannan: iskar farkon damina ta yaye rufin, muka ƙarasa zangon a gindin darbejiya, in hadari ya haɗo a tashi yara. Haka rijiyar burtsatse da ke ƙafewa bayan wata uku, haka kwalbatin da ruwa ke tafiya da shi, haka asibitin da sai ka sayo allura da kanka. Dalar ba ku gan ta ba, amma ku kuke biyanta.

Yanzu ga tushen ciwon. A cikin Tsarin Mulki na 1999 akwai sashe na 308. Shi ne ake kira rigar kariya. Ya ce muddin mutum yana kan kujerar Shugaban Ƙasa, ko Mataimakinsa, ko Gwamna, ko Mataimakin Gwamna, ba a kama shi, ba a ɗaure shi, ba a gurfanar da shi a kotu. Mutum 74 ke nan a cikin ƙasar nan duka. Amma ku lura da abu biyu da ba a cika gaya muku ba. Na ɗaya, rigar ba ta hana bincike. Kotun Ƙoli ta faɗi haka tun 2002 a ƙarar da marigayi Gani Fawehinmi ya shigar: 'yan sanda na iya bincikar Gwamna yana kan mulki, su ajiye hujja har ranar da zai sauka. Saboda haka duk wanda ya ce muku doka ce ta ɗaure masa hannu ya kasa ko da bincike, ba doka ba ce, ra'ayi ne. Na biyu, akwai masu ikon tuɓe rigar tun wa'adi bai cika ba. Su waye? 'Yan Majalisar Jiha, waɗanda ku kuke zaɓa.

Sashe na 188 ya shimfiɗa hanyar. Majalisar Kano tana da kujera 40. In mutum 14 suka sa hannu a takardar zargi, magana ta tashi. In 27 suka yarda a bincika, Babban Jojin Jiha zai naɗa mutum bakwai masu mutunci, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba 'yan jam'iyya ba, su saurari kowane ɓangare cikin wata uku. In sun sami laifi, 27 suka sake amincewa, Gwamna ya zama tsohon Gwamna a ranar, kotu kuma ta buɗe masa ƙofa kamar kowa. A 2018 ba a bi wannan hanya ba. Ba a sami mutum 14 ba.

Na san dattawan da ke nan za su ce, yaro, mun ga tsigewa, ba alheri muka gani ba. Gaskiyarku, iyayena. A ranar 23 ga Yuni 1981 Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Alhaji Balarabe Musa na PRP, bayan ta hana shi ko da naɗa kwamishinoni. Talakawa sun san abin da ya tsone musu ido: shi da Abubakar Rimi ne suka soke haraji da jangali. Wuƙar da ke yanka rago ita ke yanka mutum, ya danganta da hannun da ta shiga. Shi ya sa nake roƙonku ku dubi hannun.

Wasu kuma na cewa sai soja ne maganinsu. To ga wancan labari na 1983 da na ce zan dawo kansa. Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya hau kujerar Gwamnan Kano a watan Oktoba, soja suka yi juyin mulki ranar ƙarshe ta Disamba, aka ce an sami Naira miliyan 3.4 a gidansa, kotun soja ta yanke masa shekara 300. Shekara ɗari uku, jama'a, sai ka ce Annabi Nuhu aka ɗaure! Bai yi ko biyar ba aka sake shi. Hukuncin da aka yi da bakin bindiga, wani mai bindigar ne ke warware shi. Na farar hula ma ba su tsira ba. A 2018 kotu ta ɗaure Jolly Nyame na Taraba da Joshua Dariye na Filato shekara 14 kowannensu, bayan shari'ar da ta ci shekara goma sha ɗaya, a 2022 aka yi musu afuwa. James Ibori na Delta kuwa, kotu a nan gida ta sallame shi, sai a London aka ɗaure shi shekara 13 a 2012. Abin kunya ne a ce sai Bature ya ƙwato mana haƙƙinmu, shekara hamsin da ɗoriya bayan ya tafi.

To mene ne jam'iyyarmu ta ɗauka? Mun ce a cire laifin sata da cin hanci daga cikin rigar kariya. A bar wa Gwamna kariya daga ƙananan ƙararraki, don kada 'yan hamayya su hana shi aiki da sammaci kullum, amma dukiyar jama'a ba ta cikin wannan. Ba mu muka fara faɗa ba, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya goyi bayan a cire kariyar, shi ne kuma ya bayyana dukiyarsa a fili a 2007 ba wanda ya tilasta shi. Gyaran ba ya yiwuwa sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya sun yarda, sa'an nan Majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Kun ga an sake dawowa kan ɗan majalisar nan da kuke dangwala wa ba ku ko tambayi sunansa ba. Mun kuma ce duk kwangilar da za a yi a ƙauye, a kafa allo a wurin, da Hausa da ajami, a rubuta kuɗinta da sunan ɗan kwangila da ranar gamawa. Ɗan takararmu na Gwamna zai karanta dukiyarsa a rediyo kafin a rantsar da shi, ya sake karantawa ranar sauka. In namu ne ya ci, a kama namu. Ku riƙe wannan takarda, ranar da muka saɓa ku fito da ita.

Saura naku aikin. Masu neman kujerar Majalisa za su zo muku da atamfa da taliya da sabulu. Ni ba zan ce ku karɓa ko kada ku karɓa ba, kun fi ni sanin halin da gidajenku ke ciki. Amma kafin ya koma cikin mota, dattijo ɗaya ya miƙe a gaban mai unguwa da liman ya tambaye shi: in aka kawo hujja a kan Gwamnan jam'iyyarka, kana cikin goma sha huɗun nan ko ba ka ciki? In ya ce yana ciki, a sa malamin makaranta ya rubuta, ya sa hannu, a ajiye a wurin liman. In ya fara kame-kame, kun ji amsa. Ku sani kuma sashe na 110 ya ba ku ikon yi masa kiranye in fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa suka sa hannu.

Ranar zaɓe, iyayena mata, ku ne kuka fi kowa tsayuwa a layi, kada ku jefa ku wuce gida. A tsaya har a ƙirga a gaban kowa, a rubuta sakamako, wakilinmu ya sa hannu ya karɓi kwafinsa, a manna ɗaya a bango. Wanda ke da waya ya ɗauki hotonsa. Wanda katinsa ya ɓata ko ya lalace, ya ga shugaban mazaɓarsa tun yau kafin motoci su tashi, akwai masu rubuta sunaye a bakin ƙofa ta wajen marina. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.