A Fara Da Madafa Kafin A Yi Zancen Falo

Bayan gaisuwa ga shugaban wannan ƙungiya tamu, da malamanmu, da dattawa, da iyayenmu mata da ke zaune can baya, ina roƙon a yi mini afuwa, domin ni ba magini ba ne, ba kuma injiniya ba. Wake nake saye a ƙasarmu in kawo nan Legas. Abin da ya sa na karɓi wannan magana shi ne na yi gini a Dambam na yi kuskure, na kuwa biya kuɗin kuskuren, ga shi ina ganin 'yan'uwa da dama sun kama hanyar da na bi.

Kusan kowa a cikinmu burinsa ke nan, ya tara ɗan abin da ya tara ya kafa gida a garinsu, ko Dambam, ko Jalam, ko Dagauda, ko cikin Azare. To amma yaya muke yin ginin? Ta waya. Mutum yana Agege ko Idi-Araba, ya ga wani gida ya burge shi, ya samo zanensa, ya aika wa ƙaninsa tare da kuɗin siminti, ya ce a yi mini irin wannan sak. Haka na yi a 2016. Ɗaki uku da falo, ban-ɗaki a ciki, kicin a ciki, da tayil da kanta da famfo. Da aka gama aka turo mini hoto, na riƙa nuna wa mutane a kasuwa.

Iyalina sun tare a 2018. Da na je gida bayan wata biyu, sai na tarar da uwargida a bayan ɗaki, ta jera duwatsu uku a jikin katanga, tana tuƙa tuwo cikin rana tsaka. Kicin ɗin da na kashe wa kuɗi kuwa, buhunan gero ne a ciki, da wata kaza tana kwanci a ƙarƙashin kanta. Raina ya ɓaci, na ce wannan ai ƙauyanci ne. Ta ce, "Alhaji, da ka tambaye ni." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Jama'a, gaskiyarta ne. Wanda ya zana wancan kicin ya zana shi ne don mace mai dafa wa mutum huɗu, a tsaye, a kan gas. Mu kuwa mutum goma sha huɗu ke cin tukunyarmu, ban da almajirai da baƙo. Tuwon mutum goma sha huɗu ba a tuƙa shi a kan kanta mai kai wa ƙugu. Sai an zauna a kan kujera 'yar tsugunno, tukunya na ƙasa, a kama muciya da hannu biyu. Turmi ma ba ya zama a kan tayil, sau biyu aka yi daka ya tsage. Famfon kuwa tun da aka ɗaura shi bai taɓa ɗigo ba, 'yan garuwa ke kawo mana ruwa. Sa'an nan ban tuna da wankan jego ba, wanda za a yi ta dafa ruwa a babbar tukunya har kwana arba'in, ban tuna da suyar naman layya ba, balle abincin suna ko na biki. Duk waɗannan wuta ce ta itace, a fili.

Da hunturun 2019 ya kama, sai suka kewaye murhun da zana saboda iska. Wata rana da la'asar tartsatsi ya kama zanar. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ƙaramar 'yata tana ɗauke da tabo a hannu har yau. Zanen da na aika daga nan shi ya tura su bayan ɗaki, don haka ban ɗora wa kowa laifi ba.

Bayan wannan ne na zauna da wani tsohon magini, irin waɗanda suka yi gini da tubali da azara tun kafin bulo ya zo, na kuma zauna da mai ɗakina. Abin da suka koya mini shi zan faɗa muku.

Tsohon nan bai fara da ɗaki ba, da iska ya fara. A ƙasarmu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, iskar damina ta yau da kullum daga kudu maso yamma, hadari kuma daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa. Saboda haka in fili ya ba da dama, a sa madafa a kusurwar kudu maso gabas, ta ba gabas baya, ƙofarta na duban arewa. Ta haka ko wace iska ta taso, hayaƙi ba ya bi ta kan ɗakunan kwana, ruwa kuma ba ya feso wa mai girki. Kada a kai bangon har rufi, a bar tazara a sama hayaƙi ya sami mafita, a yi rumfa mai faɗi a gaba inda za a yi daka da tankaɗe da wanke-wanke. Wannan zancen hayaƙi kada a ɗauke shi wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin hayaƙin girki a cikin gidaje. Mu maza muna zaure ba mu shaƙa, sai dai mu ji ana tari mu ce sanyi ne.

Wani zai ce ai yanzu zamanin gas ne. Na yarda, a yi masa wuri, yana da amfani wajen shayin asuba da ɗumame. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kaya suka yi tsada, kun ga gidaje nawa suka koma wa gawayi da itace. Gidan da ba shi da wurin murhu ya shiga uku. Abu biyu kawai zan ja kunne a kai. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, don haka tagar sama kaɗai ba ta isa, sai an bar kafa a ƙasan bango. Gawayi kuma ba a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, ko da sanyi ya kai ina, yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya ji warin komai ba.

Sai rijiya da masai. Ma'aikatan lafiya sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu. Filotinmu kuwa ƙafa 50 ne da ƙafa 100, ƙafa 100 ɗin nan ita ce mita 30. Wato ke nan in ɗaya na wannan ƙarshe, ɗayan sai can ƙarshen, kuma dole ka leƙa ka ga inda maƙwabcinka ya haƙa nasa, in ba haka ba ka nisanta naka ka sha nasa. Masai kuma, kamar yadda muka koya a Islamiyya, ba a fuskantar alƙibla ba a ba ta baya. Mu alƙiblarmu gabas take ta ɗan karkata arewa, to a dasa shi ya dubi kudu ko arewa. Birkila ba zai tuna maka ba, ni nawa sai da aka fasa aka juya shi.

Zaure ma na yar da shi a zanen farko, wai falo ya wadatar. Abokan mahaifina suka riƙa zama a bakin titi, don ba za su ratsa mata su shiga falo ba. Mai ruwa da mai itace kuma kullum sai an ce mata su shige ɗaki kafin su wuce. Yanzu na yi zaure, na ajiye duro biyu da wurin itace daga bayansa, kowa ya sauke kayansa ya juya. Tsakar gida kada a cinye ta da gini. A watan Afrilu, zafi ya haura 40, rufin kwano ya gasa ɗaki, ba wutar lantarki, a nan kowa ke shimfiɗa tabarma ya kwana. A ɗaga daɓen ɗakuna sama da titi, a karkata tsakar gida wajen rariya, don mun ga abin da ruwa ya yi wa gidajen yankinmu a daminar 2022 da ta 2024.

Masu mata biyu ko masu niyya, na ga wasu na murmushi, murhu ɗaya ya isa tun da girki kwana bibbiyu ne, amma kowace a yi mata nata wurin ajiya mai makulli, girmansu ɗaya. Rabin ƙarar da ake kawo wa maigida ta waya, a kan manja da gawayi ne.

Gyaran da na yi ya ci buhun siminti 45, ban da kwano da katako da ladan ma'aikata, abin da da tun farko ne ko rabinsa ba zai ci ba. Wannan karon uwargida ce ta ɗauki kara ta zana a ƙasa inda take son murhu da randa da turmi, magini ya bi sawun karan da igiya. Na sa ɗana ya kwafe zanen a takarda da awonsa, na bar kofe biyar wurin sakatare. Wanda ya karɓa ya kai wa mai ɗakinsa ta gani tukuna kafin ya aika gida, don filinku ba lalle ya dubi inda nawa ya duba ba.

Shugaba ya ɗaga mini hannu, lokaci ya yi.