Kaka Ta Shigo: A Buɗe Ido, A Halarto Da Zuciya

A wani jawabi da ya gabatar bayan sallar La'asar a Tudun Wada, Gusau, Malamin da ya jagoranci zaman ya ja hankalin 'yan uwa a kan gafalar da ke kama mutane a lokacin kaka.

Malam ya fara da tambayar mahalarta ko wa ya lura da ranar da iska ta juya, ta daina kaɗowa da danshin damina, ta fara zuwa a bushe daga gabas. Ya ce gero ya riga ya shiga rumbu, gyaɗa da wake suna shanya, dawa kuwa tana jiran sanyin hunturu, duk a gaban idonmu, amma zukata suna can kasuwa suna lissafin kuɗin buhu. Mutum zai kai lomar tuwon sabon gero bakinsa bai ko ji ƙamshinsa ba, balle ya tuna watannin da ƙwayar ta yi tun daga shuka.

Daga nan sai ya yi nuni da cewa ba kowa ne ya ga wannan kaka ba. Akwai manoma a ƙauyukan Tsafe da Bungudu da suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, wasu kuma sai da suka biya haraji kafin su yanke abin da suka shuka da hannunsu. Da yawansu suna nan cikin Gusau suna gudun hijira. Don haka, in ji shi, wanda ya ɗaure daminsa lafiya ya tsaya ya dube shi da kyau.

Malam ya ce natsuwa ba zaman banza ba ce, aikinta yana bayyana a bakin rumbu. Wanda ya halarto da zuciyarsa zai auna abin da ya samu. In ya kai nisabi, wato wusuƙi 5, daidai da sa'i 300, zai fitar da ɗaya bisa goma, tunda ruwan sama ne ya shayar. Na ban-ruwa kuwa rabin haka ne.

Ya kuma gargaɗi magidanta game da karyar da hatsi a kaka don biki ko ƙarin aure, sannan a watan Agusta su dawo suna sayen tiya da tsada a hannun wanda suka sayar wa. Ya nemi kowa ya zauna da iyalinsa a wannan mako su ƙirga tiya nawa gidan ke ci a wata, kafin buhu ko ɗaya ya fita ƙofa.