Jawabi Kan Hawala: Kafin Ka Yarda a Mayar da Bashinka Kan Wani

Ya ku 'yan uwana 'yan kasuwar Jalingo, maganata a yau kan hawala ce.

Ga misali: kana bin wani kuɗin atamfa, shi kuma yana bin wani a Mutum Biyu. Sai ya ce maka, "Je ka karɓa a can." To jama'a, in ka yarda, shi ya fita ke nan. Hukuncin mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, ba ka da ikon komawa kansa ko da na biyun ya karye, sai fa in ya san karyayye ne ya ɓoye maka. In kuwa ba ya bin mutumin komai, wannan lamuni ne, bashinka na nan a wuyansa.

A dokar ƙasa kuma, ba a sauya wanda ake bi sai ku ukun duka kun amince.

Saboda haka kada kunya ta hana ka bincike. A zauna, a rubuta, a sa shaidu.

Allah Ya tsare mana dukiya da zumunci, amin.