Tarihin Keke Da Mutanen Da Suka Ƙago Shi

 

Kwamitin ilmi ya ɗora mana yin bayani a kan keke, wato yadda aka fara ƙera shi da mutanen da suka ƙago shi. Wani zai ce, keke kuma har wani tarihi gare shi? Ai kuwa da shi. Ba mutum ɗaya ya ƙago keke ba. Sai da aka shafe shekara saba'in yana bi ta hannun masu sana'a, kowa ya tarar da aibi ɗaya ya gyara, ya bar wa na baya saura.

Mafarin abin a ƙasar Jamus ne. A shekarar 1817 wani ma'aikacin gandun daji mai suna Karl von Drais ya haɗa ƙafa biyu, ɗaya gaban ɗaya, ya sa sirdi da abin juya kai. Na katako ne, kuma ba shi da feda. Mutum zai hau ne ya riƙa tunkuɗa ƙasa da ƙafafunsa. A garin Mannheim ya yi tafiyar fiye da kilomita goma da shi cikin kamar awa guda. Abin da ya nuna wa duniya shi ne, ƙafa biyu a jere ba sa faɗuwa muddin suna tafiya.

Sai a shekarun 1860 aka sa feda, a birnin Faris na Faransa. Sunaye biyu ake ambata, Pierre Michaux, maƙeri mai yin kayan keken doki, da wani matashin bakanike, Pierre Lallement, wanda ya yi rajistar fasahar a Amurka a 1866. Har yau masana tarihi na gardamar wanda ya riga. A jikin ƙafar gaba suka liƙa fedar, ga gargaren katako an yi masa ɗauri da ƙarfe. In ka hau shi a hanya mai duwatsu sai jiki ya gaya maka, shi ya sa Turawan Ingila suka yi masa laƙabi da mai girgiza ƙashi.

To, tunda feda na jikin ƙafa, taku ɗaya juyi ɗaya ke nan. Mai son gudu sai dai ya ƙara wa ƙafar girma. Haka aka yi a shekarun 1870, ƙafar gaba ta kai mita ɗaya da rabi, ta baya 'yar mitsitsiya. Cikin gwanayen wannan samfuri akwai James Starley na garin Coventry a Ingila. Ku ji abin sha'awa, asalin aikinsa keken ɗinki ne, daga nan ya koma keken hawa. Ashe da Bahaushe ya ba su suna ɗaya bai yi kuskure ba. Amma wannan dogon keke haɗari gare shi. Ɗan dutse kaɗan ya tokare shi, sai mahayi ya hantsilo da ka.

Ɗan ɗan'uwansa, John Kemp Starley, shi ya kawo maganin wannan a 1885 da keken da ya kira Rover. Ya mai da feda tsakiya, ya sa sarƙa ta ja ƙafar baya. Faifan wajen feda babba, na baya ƙarami, saboda haka taku ɗaya sai ƙafa ta juya fiye da sau ɗaya. An samu gudu ba tare da tsawo ba, har dattijo ma ya iya hawa. Siffar da muke gani yau ke nan.

Saura taya. A 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya yi rajistar tayar iska, bayan ya gwada ta a keken ɗansa. Daga baya aka gano Robert Thomson ya riga shi tun 1845, sai dai tasa ba ta samu kasuwa ba. Tayar nan na cikin abin da ya sa roba ta yi daraja, har a tsakiyar shekarun 1890 aka yi ta tatsar itatuwa a dazuzzukan ƙasar Yarabawa ana fitarwa ta Legas.

Jama'a, mu dubi mutanen nan: maƙeri, bakanike, mai keken ɗinki, likitan dabbobi. Hatta Wilbur da Orville Wright da suka tashi jirgin sama a 1903, shagon keke gare su. Mu a nan zango, yaranmu da yawa hawa kawai suka iya, ranar da hukuma ta hana acaba sai zaman kashe wando. Ga masu gyaran keke da babur da masu walda a unguwar nan suna neman yaran koyo. Muna roƙon iyaye, yaro ya taso daga makaranta a miƙa shi wurin mai sana'a, kuma a riƙa bin sawu. Ƙungiya kuma ta duba ko za ta taimaka da kayan aiki ga wanda ya gama koyo.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.