Ginin Gargajiya da Itatuwan Gona

Ginin ƙasa na Hausawa ya dogara ne da itatuwan da ke tsaye a gonaki. Daga giginya ake tsaga azara, wadda gara ba ta cika ci ba, da ita magina ke ɗaura bakan gizo irin na tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ɓawon 'ya'yan ɗorawa kuwa shi ake jiƙawa a sami makuba, a shafe bango da daɓe don ruwan damina kada ya zaizaye zanen da magini ya yi da hannu.

A karkarar Dayi da Malumfashi ɗorawa na raguwa saboda sara don itacen girki da gawayi, ga shi giginya sai ta shekara da yawa kafin ta isa tsagawa. Abin damuwa ne, domin duk mai son gyara tsohon soro yanzu sai ya nemo azara daga nesa, ko ya koma ga siminti da kwano.