Awo Kafin Harbi: Ɗurin Bindigar Maharba da Tsaron Gonakinmu

 

Da kwamiti ya nemi in yi jawabi, na san da yawa sun ɗauka tsohon hedimasta zai sake tayar da zancen rufin azuzuwa da ƙarancin alli. To, yau da bindiga na zo, amma a baki. Ina nufin bindigar maharbanmu wadda ake ɗurawa da hannu, mai tsaron gero a tudu da shinkafa a fadama. Abu guda nake so mu koma gida da shi: amincin wannan bindiga duk yana ga awo, kuma sanin awon nan yana neman kuɓuce wa 'ya'yanmu.

Yadda bindigar toka ta iso mu

Da baka da kibiya da mashi da takobi Kabawan Kanta suka tsare Surame. Duk wanda ya shiga Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a 1958, zai ga waɗannan makamai, ya kuma ga tsofaffin bindigogi da suka zo daga baya. Sunayen ma sun nuna baƙi ne, domin bindiga da albarushi da harsashi duk daga Larabci muka aro su. Shi albarushi a ƙasar Sin aka fara haɗa shi, wajen ƙarni na 9, daga gawayi da farar wuta da wani irin gishiri mai ciyar da wuta.

Dogayen bindigogin da maharba suka gada kuwa, akasari ta bakin teku suka shigo, daga hannun fataken Turai, ciki har da mutanen Danmak da suka yi sansani a Ankara ta ƙasar Gana. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasal, suka taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, suka bar mana masu ƙyastu da baƙin albarushi. Maƙeranmu suka koyi gyara, daga gyara suka kai ga ƙira. Ita ce muke kira bindigar toka, ko baushe, ko harba-ruga, don in ka harba sau ɗaya ba ka samu ba, sai gudu kafin ka sake ɗuri.

Makarantar kawuna

A ƙarshen shekarun 1960, ina ɗan firamare, nakan bi kawuna gadin gona idan hatsi ya fara nuna. Abokan gabarsa su ne jan biri da gadu da beguwa da gafiya da kurege, a fadama kuma dinya da kirinjijiya. Bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin malamin lissafin da ya kai shi tsanani a kan awo ba.

Yana da ɗan ma'auni na ƙaho, wanda maƙerin da ya ƙera bindigar ya yanka masa daidai da ƙarfin bututunta. Ba ya arawa, ba ya bayar da aro, kuma ba ya zuba albarushi daga gora kai tsaye, don kada wani ɗan garwashi da ya saura a ciki ya kama goran duka. Sandar ɗurinsa tana da zane biyu, ɗaya na bindiga wofi, ɗaya na mai ɗuri, saboda haka ko cikin duhu ya zura ta, yatsansa zai gaya masa halin da take ciki. Idan ya ja kunama ba ta tashi ba, sai ya bar bakinta yana duban daji, ya jira, domin albarushi mai laima yakan yi nawa sannan ya tashi. Da ya dawo gida sai ya wanke bututun da ruwan zafi, ya busar, ya shafa mai, saboda tokar albarushi tana jan laima, laima kuma tana cin ƙarfe ta ciki inda ido ba ya gani.

Wata rana na tambaye shi don me ba zai ƙara albarushi ba, harbin ya yi nisa. Ya ce, "Yaro, bindiga baki biyu gare ta. In ka cika ta, ta bayan take magana." Shekara uku ɗansa ya yi yana ɗaukar masa gora da burgami kafin ya yarda ya taɓa kunama.

Yadda wasu ƙasashe suka ɗauki awo

Kada mu ɗauka ɗuri da hannu alamar ci baya ce. A Amurka, inda kamfanoni ke yin harsashi iri-iri, har yau akwai maharba masu haɗa nasu da kansu, musamman masu kashe ƙananan dabbobin da ke haƙe makiyaya da gonaki, da wani dangin dila mai cin 'yan tumaki. Bindigoginsu masu ƙaramin baki ne, faɗinsa bai kai milimita 6 ba, irin su .222 Remington da ta fito a 1950. Sukan tsince kwanson tagulla bayan harbi, su tsabtace shi, su sa sabon matashi da albarushi da ƙwaya. Awonsu shi ne giren, wanda 7,000 nasa ke yin laba ɗaya, kuma da sikeli suke auna kowane ɗuri. Suna bin littafin da kamfanonin albarushi suka wallafa bayan gwaji, su fara daga ƙasa, su rubuta abin da suka gani, ba sa kuma ƙetare iyakar da aka yanka. Abin da Ba'amurke yake yi da sikeli da littafi, shi kawuna yake yi da ƙaho da zanen sanda. Bambancin shi ne nasu a rubuce yake, namu kuwa yana cikin kan dattawa, dattawan kuma suna ta tafiya.

Inda aka kuskure

Lokacin da nake hedimasta a wani ƙauye na bakin fadama, akwai wani ɗalibina ɗan aji shida, mai hazaƙa, wanda burinsa ya shiga ruwan Matan Fada da gora da homa ranar bikin kamun kifi. Birai suka dami gonar masararsu, mahaifinsa kuma ya tafi ci-rani. Ya samo harsashin kamfani guda biyu, ya farke, ya juye garin cikinsu a bindigar mahaifinsa. Bututun ya tsage a daidai inda hannunsa na hagu yake riƙe. Ni na raka shi asibiti. Ya rayu, amma yatsu uku sun tafi, homa kuwa hannu biyu take so.

Abin da bai sani ba, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da bindiga a yau ba su sani ba, shi ne garin da ke cikin harsashin kamfani ba albarushin kawuna ba ne. Wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro irinsa a 1884. Ba shi da hayaƙi sosai, amma matsin da yake haifarwa a cikin bututu ya fi na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Ƙarfen da aka narka aka gwada a masana'anta ne kaɗai ke ɗaukarsa. Bindigar da aka yi da bututun famfo mai ɗinki a gefe, ko wani tsohon ƙarfen mota, ba ta da wannan juriya. Haka nan ɗuri biyu a kan juna, ko barin rata tsakanin albarushi da ƙwaya, ko taɓo ya toshe baki a fadama, kowannensu ya isa ya fasa bututu.

Sai maganar dalma. Wasu kan fasa tsohon batirin mota su narka dalmarsa a tsakar gida, a murhun da ake dafa tuwo. Mu maƙwabtan Zamfara ba ma bukatar a gaya mana illar dalma, domin a 2010 gubarta daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara sama da 400. Wadda ba ta kashe ba takan dakushe masa ƙwaƙwalwa, kuma malamin makaranta shi ke fara ganin wannan a aji. Ƙwayoyin dalmar da suka zube a fadama ma agwagin ruwa na haɗiye su, shi ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991.

Me ya cancanci harbi?

Awo bai tsaya ga albarushi ba, har da sanin abin da za a harba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, aka kuma buɗe babbar masana'antar shinkafa a Argungu a 2017, noman rani ya faɗaɗa, ɓarnar dabbobi kuma ta ƙara ciwo. Amma tsuntsun jan baki, wanda ya fi kowa ɓarna, bindiga ba ta iya masa sai dai ƙararta ta tashe shi zuwa gonar maƙwabci. Maganinsa gano makwancinsa da sanar da hukumar gona da wuri. Mujiya da shaho da tunku da mesa kuwa ma'aikatan manomi ne marasa albashi, su ke rage ɓera da gafiya. A 1958 ƙasar Sin ta yi gangamin kashe gwarare don suna cin hatsi, sai ƙwari da fari suka yi yawa, ɓarna ta ƙaru. Mu ma mu tambayi kanmu, yaushe rabon da mu ji kukan gauraka a fadamar Rima?

Matsayin doka

Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai irin su bindigar harbin tsuntsu ta kamfani, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗuri ta baki, waɗanda dokar ta sa a ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙira da gyara ma sai da izini.

Zamani kuma ya canza. Da muna yara, 'yan bindiga su ne bayin sarki masu ɗura albarushi zalla su yi ta harbin iska ranar hawan salla, mu bi su muna murna. Yau kowa ya san abin da kalmar ta koma nufi. A watan Maris 2025 aka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Arewa, a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Babu takardar da ke hana zalunci, amma maharbin da sarkinsa da hukuma suka san da zamansa ya fi samun mai tsaya masa.

Shawarwari ga ƙungiya

Na ɗaya, mu haɗa kai da Sarkin Baka da hakimai da 'yan sanda a rubuta sunan kowane maharbi da bindigarsa, a taimaka masa ya daidaita matsayinsa da doka.

Na biyu, kwamitin ilimi ya zauna da dattawan maharba da maƙera, a rubuta ƙa'idojin tsaro da suka gada cikin boko da ajami, tun suna raye.

Na uku, a ware rana guda kowace shekara kafin hatsi ya nuna, maƙeri mai izini ya duba bututun kowace bindiga, wadda ta ci tsatsa a ajiye ta.

Na huɗu, iyaye su rataye bindiga ba ɗuri, albarushi a wani wuri dabam mai makulli, nesa da murhu da hannun yara, a kuma daina narka dalma a cikin gida.

Na biyar, malaman firamare su ɗauki minti goma su gaya wa yara labari irin wanda na ba ku. Ni ban yi haka ba sai bayan abin ya faru, kuma har gobe yana damuna. Ɗalibin nan nawa yanzu magidanci ne, duk sanda muka haɗu a kasuwa yakan gaishe ni da ladabi, hannunsa na hagu a cikin aljihu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mana gonakinmu da 'ya'yanmu, ya ba mu damina mai albarka.