Jawabi a kan Ƙiyasin Baitulmali da Tanadin Gobe

Maganar yau a kan ƙiyasi ce, watau lissafin shekarar da ba ta zo ba tukuna.

Gobe ta Allah ce, amma wannan bai ɗauke wa ma'aji nauyin tanadi ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaci fuska ɗaya gobe gare ta, a ɗora dukan lissafi a kanta. Abin da ya faru a Kano ya isa misali. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso birni cikin 1911, Turawa auduga suka sa wa rai, suna tsammani ita za ta cika taragu. Manoma kuwa suka duba kuɗin da 'yan kasuwa ke bayarwa, suka koma ga gyaɗa. Ba a daɗe ba damina ta 1913 ta gaza, aka shiga 1914 da yunwar nan da ake kira Kakalaba, mutane suka mutu da yawa, waɗansu suka bar garuruwansu. Cikin shekara uku ƙasa ta juya sau biyu, ba wanda ya rubuta ko ɗaya cikin takardarsa.

Saboda haka ma'aji mai hankali yakan yi ƙiyasinsa kashi uku: na shekarar albarka, da na matsakaiciya, da na shekarar fari. Na ukun shi ne mai wuya, gama ba mai son rubuta shi, shugabanni kuma ba su cika son karanta shi ba. A ciki ake tambaya: in haraji ya ragu, wane aiki za a dakatar, wane ne ba ya dakatuwa? Ginin ofis ya iya jira, albashi da gyaran rijiya ba su jira. Kuɗin ajiya kuma tun shekarar albarka ake ware shi.

Sa'an nan sai alamu. Ba a ofis ake fara ganin fari ba, a kasuwar ƙauye ne. In kuɗin mudun gero ya hau tun kaka, in talakawa suka soma sayar da awakinsu da araha, in 'yan cin rani suka fita kafin lokacinsu, dagaci ya riga kowa sani. Sauran aiki shi ne labarin ya kai ga hakimi, daga nan ya iso baitulmali kafin a rufe ƙiyasi.